Dutse Ba Birki Ba Ne

Tsohuwar Toyota Celica da kawunmu ya bar mana a Samaru ta shekara tana tsayawa da dutse. Wayar birkin hannu ce ta tsinke, muka ce ai na ƙafa yana kamawa. Duk inda muka tsaya, sai mu bar ta a giya, mu sa dutse a gindin taya.

Wata Asabar muna sauri, muka manta da duka biyun. Motar ta gangara a hankali, ta ture teburin wata mai ƙosai, ɗanta na zaune a gefe. Allah ya kiyaye. Abin da ta ce kawai shi ne, "Haba 'ya'yan nan!"

Ranar Litinin muka nufi Sabon Gari. Bakanike ya shiga ƙarƙashin motar, ya zaro wayar. Tsatsa ta cinye ta a inda ruwan damina ke kwanciya. Ya ce, "Samari, birkin ƙafa mai ne ke tura shi. Na hannu kuwa wayar nan ce kaɗai, daga sandar zuwa tayoyin baya." Sabuwa ba ta samu ba, sai wadda aka kwance daga wata motar. Ya ɗaura, ya shafa giris, ya ɗaure noti har birkin ya kama.

Kuɗin gyaran bai kai abin da muka biya mai ƙosai ba.

'Yan uwa marubuta, a daren nan muka koma kan labarinmu, babin da muka daɗe muna tallafewa da dutse.