Kwana goma a Aislan: lissafin mai neman haske

Hausawa na cewa shirin zaune ya fi na tsaye, kuma wannan magana ta fi kama mutumin da zai kwashi ajiyarsa ta shekaru ya zuba ta cikin tafiyar kwana goma. Halin da nake ciki ke nan. A watan Satumba mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina da niyyar zuwa tsibirin Aislan domin ɗaukar hotunan ƙasa, wato duwatsu da ruwaye da gaɓar teku da sararin sama. Ni ma'aikaci ne, hoto kuwa abin so ne da na daɗe ina yi a ranakun hutu, daga bakin kogi a Yamai har duwatsun Ayar. Hutuna ƙidayayye ne, aljihuna ma haka, kuma idan na dubi shekaruna da albashina na san tafiyar nan ba za ta maimaitu ba. Shi ya sa na ga ya dace in baje lissafina gaban mai karatu, ko wani ya ƙaru.

Aislan tsibiri ne a arewacin tekun Atlantika, tsakanin Norwe da Girinlan. Faɗinsa murabba'in kilomita 103,000, bai kai jihar Tawa ba, mutanensa kuma ba su cika 400,000 ba. Ƙasar ta rabu da sarautar Danmak a 1944, kuma ko da yake ba ta cikin Tarayyar Turai, tana cikin yarjejeniyar Shengen tun 2001. Saboda haka bizar Shengen ake nema, kuɗinta Yuro 90 tun daga 2024, wato wajen jika 59 na sefa, sannan sai an nuna inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye, sai an sauka a Turai an sake wani. Daga Paris zuwa filin jirgin Keflavik tafiyar awa uku da rabi ce. Duk wannan aikin takarda ne da haƙuri, kowane ma'aikaci ya saba da shi. Inda lissafi ya yi nauyi shi ne zaɓen lokaci da zaɓen wuri.

Na zaɓi farkon kaka saboda haske, don shi ne jarin mai ɗaukar hoto. Babban birninsu, Rekyabik, yana kan digiri 64 arewa da tsakiyar duniya, Yamai kuwa tana kan 13 da rabi. A ƙarshen Yuni yininsu yakan kai awa 21, dare ba ya yin duhu. A ƙarshen Disamba yinin awa 4 ne da ƴan mintoci. Wajen 22 ga Satumba dare da yini sukan daidaita, kuma a wannan rana, da tsakar rana, tsayin rana a samansu digiri 26 ne kawai, alhali mu a nan tana kan 76, bisa ƙoƙon kai. Ma'ana, azahar ɗinsu tana da hasken la'asar ɗinmu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a ƙasarmu ya san la'asar sakaliya ita ce lokacin da kasa ke yin ja, inuwa ta miƙe, kowane tudu ya fito da siffarsa, kuma ya san yadda take kuɓucewa kafin mutum ya gama gyara kyamara. A can rana a karkace take gangarawa, don haka wannan lokaci yakan ninka namu fiye da sau biyu. Bayan faɗuwarta ma, hasken da ke saura a sama yakan yi kusan minti 50, inda namu ba ya wuce ashirin da kaɗan.

Akwai kuma abubuwan da watan ke zuwa da su. Ganyen ƙananan itatuwansu yakan koma rawaya da ja, baƙin da suka cika ƙasar a Yuli da Agusta sun ragu, kuma a Satumba ne makiyaya ke gangaro da tumaki daga tsaunuka, su tara su a babban shinge kowa ya ware nasa ta alamar kunne. Dare kuma ya dawo da duhunsa, to sai a sa ran ganin hasken arewa, wannan koren haske da ke kaɗawa a sama idan ƙwayoyin da rana ke fesowa suka haɗu da iskar da ke can ƙololuwa. Domin shi zan karkata kwanakina zuwa duhun wata iyakar iyawa. Abin da zan biya a madadin wannan duka shi ne sanyi da ruwa. Zafin Rekyabik a Satumba bai cika wuce digiri 10 ko 11 ba, garin Vik da ke gaɓar kudu kuwa yana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kusan ninki huɗu na Yamai.

Sai batun wuri, kuma a nan ne kwaɗayi ke shigowa. Akwai hanya mai lamba 1 da ta kewaye tsibirin, an kammala ta a 1974, tsawonta wajen kilomita 1,320, kusan nisan Yamai zuwa Difa. Baƙi da yawa sukan zagaye ta cikin mako guda su dawo suna cewa sun ga Aislan. Ni na yanke shawarar ba zan zagaye ta ba. Da na gaya wa wani aminina ɗan kasuwa na Maraɗi, sai ya ce: “Haba Malam, ka biya kuɗin buhu ka ɗauki tiya?” Na ce masa: “Alhaji, kai da kanka ka sha gaya mini cewa mai talla da gudu ba ya ciniki.” Ya yi dariya, amma bai gamsu ba, kuma na fahimce shi, don ni ma duk lokacin da na buɗe taswira sai arewacin tsibirin ya yi ta kirana.

Dalilina shi ne wannan. Mai zagaye yakan isa kowane wuri sau ɗaya, a sa'ar da hanya ta kawo shi, ƙarƙashin saman da ya tarar. In ya tarar da ruwa da hazo, shi ke nan, gobe yana wani gari. A ƙasar da sama ke sauya fuska sau da yawa a yini guda, wanda ya kwana uku a wuri ɗaya yana da asuba uku da magariba uku, kuma cikin shida ɗin nan da wuya a rasa ɗaya mai kyau. Don haka na tsaya kan gaɓar kudu kaɗai: kwana ɗaya a Rekyabik, uku a Vik mai nisan kilomita 180 da ɗoriya, huɗu a gabas kusa da tafkin Jokulsarlon, sauran biyun kuma na komowa ne da na ko-ta-kwana, don iska takan sa a rufe hanya.

Kusa da Vik akwai mafaɗar ruwa ta Skogafoss, mai tsayin mita 60, wadda ke fuskantar kudu, shi ya sa bakan gizo ke yawan fitowa a feshinta idan rana ta leƙo. Akwai Seljalandsfoss, wadda ake iya zagayawa ta bayanta, kuma hasken yamma ne ya fi karɓarta. Akwai gaɓar Reynisfjara mai baƙin yashi, inda igiyar ruwa ke yin kwanton ɓauna ta taso babu zato. Ta sha cin rayukan baƙi, don haka na rubuta wa kaina doka cewa ba zan juya wa teku baya ba ko da hoton ya kai me. Daga Vik zuwa gabas hanya takan ratsa Eldhraun, filin narkakken dutse da aman wutar Laki ya bari a 1783 da 1784, bala'in da yunwar da ta biyo shi ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Yau gansakuka ta lulluɓe shi, mai laushi kamar katifa, kuma in aka taka ta sai ta yi shekaru da yawa ba ta farfaɗo ba. Tuƙi a wajen hanya ma laifi ne da doka ke hukuntawa.

Jokulsarlon na ba kwana mafi yawa, don shi ne abin da ba ya jira. Tafki ne da ya fara samuwa wajen 1935, lokacin da wani harshe na Vatnajokull, babbar ƙanƙarar da ta rufe kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar, ya soma ja da baya. Guntayen ƙanƙara masu girman ɗaki sukan ɓalle su yi iyo zuwa teku, igiya ta dawo da wasu ta zube su bisa baƙin yashi, kuma wanda ka gani da safe ba shi za ka tarar da yamma ba. Tafkin yana ƙara faɗi ne saboda ƙanƙarar tana narkewa. A 2014 masanin ƙanƙara Oddur Sigurdsson ya bayyana cewa wata ƙaramar ƙanƙara mai suna Ok ta mutu, a 2019 kuma aka kafa mata allon tunawa. Mu da muka ji labarin yadda tafkin Cadi ya janye daga Ngigmi, mun san hoto yakan zama shaida bayan abin da aka ɗauka ya tafi.

Kayana kaɗan ne: kyamara ɗaya, gilasai biyu, na faɗi da na nesa, matokari mai ƙafa uku mai nauyin da iska ba za ta kayar ba, batir uku don sanyi na shanye su da wuri, da tsumman goge feshi. Rigar ruwa da takalmi mai kyau sun fi mini wani sabon gilashi amfani. Kowane dare zan duba hasashen ma'aikatar yanayinsu, wadda ke nuna inda gajimare zai buɗe, har da labarin duwatsun yankin Reykjanes da suka yi ta aman wuta tun 2021, ba nisa da filin jirgi.

Zai yiwu in yi kwana goman nan cikin ruwa in dawo da hotuna biyar kacal, ba tare da na ga hasken arewa ba ko sau ɗaya. Na sa wannan cikin lissafi tun yanzu, kamar yadda ɗan kasuwa ke sa faɗuwa cikin nasa kafin ya ɗaure kaya. Abin da ke hannuna shi ne in kasance a wurin da ya dace tun kafin gari ya waye, in kuma koma washegari idan ban samu ba. Aminina ya ce in na dawo zai ƙirga hotunan ya raba da kuɗin jirgi, ya gaya mini farashin kowane ɗaya. Na amince, da sharaɗin sai ya fara kallonsu tukuna.