Irin Kuɓewar Inna

Da la'asar waya ta nuna mini sanyin dare zai sauka ƙasa da sifili. A Minisota, farkon Oktoba, raɓa ɗaya mai daskarewa ta isa ta ƙone lambu. Na rufe kwamfuta, na ɗauki kwando.

Tumatir na tsinke har da ɗanye, zai nuna cikin kwali. Tattasai ya tafi firiza. Kuɓewa na yanka na zuba a na'urar busarwa, don ranar nan ba irin ta Zariya ba ce.

Sai guda biyar da na bari suka ƙosa. Irin da Inna ta ƙulle mini ne kafin rasuwarta. A wurin aiki komai ina ajiye masa kwafi, wannan kuwa ba shi da na biyu. Na rataye su a kicin su ƙarasa bushewa.