Daga Gulbin Rima Zuwa Ruwan Gishiri

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hantsi ta san gadar Kwalkwalawa. A nan masunta ke fito da abin da Gulbin Rima ya ba su, ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga ragon ruwa, wani lokaci har da giwan ruwa. Mu Sakkwatawa mutanen ruwan daɗi ne tun kaka da kakanni. Ko bikin su na Argungu, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara can, na kifin gulbi ne. Teku kuwa sai an yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Ikko kafin a gan ta.

A Kwalkwalawan nan na sayi 'yan ƙarfasa guda shida da ransu, na zuba su cikin akwatin gilashi a falo. Shekara uku ina kiwonsu ba su ba ni wahala ba. In ruwa ya yi datti in rage in ƙara sabo, in wuta ta ɗauke su haƙura. Har na ɗauka na gama sanin kifi.

Da Allah ya nufe ni da zuwa Umra, muka biya ta Jidda, aka kai mu gidan kifin Fakieh da ke bakin Bahar Maliya, wanda aka buɗe a 2013. Kai, jama'a! Na ga kifi shuɗi kamar an tsoma shi a marina, na ga wani mai ruwan lemo da farar ɗamara biyu. Amma abin da ya tsai da ni shi ne wasu duwatsu masu rassa kamar busasshen itace. Aka ce mini murjani ke nan. Ashe murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne dubbai ke gina wa kansu gida da alli. Jan murjanin da iyayenmu ke gadon sa a Bahar Rum ake tsamo shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi.

Na dawo gida da ƙudurin sai na yi irin wannan a falona, ko da zan sayar da murjanin da Inna ta bar mini. Allah ya sa na fara shawara da wata maƙwabciyata, malama mai koyar da ilmin kifi. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Hajiya, ki bar murjanin Inna inda yake tukuna. Zo mu yi lissafi."

Ga abin da na koya, 'yan makaranta ku riƙe shi. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri giram 35, watau kamar babban cokali biyu. Na Bahar Maliya ya kai 40. Ruwan gulbinmu kuwa bai kai giram ɗaya ba. Kifin gulbi ruwa ne ke shiga jikinsa kullum, saboda haka ba ya sha, sai yawan fitsari. Na teku gishiri ne ke tsotse masa ruwan jiki, dole ya yi ta sha yana fid da gishirin. In aka musanya musu gida, duka biyu mutuwa za su yi. Gishirin miya kuma ba ya yi, ko da na Bilma ne. Akwai na musamman da ake haɗawa da sinadaran da murjani ke gini da su.

Kada a yi gaggawar sa kifi. Sai an bar ruwa da duwatsu mako huɗu zuwa shida, har ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su hayayyafa. In hunturu ya zo ruwa na ƙafewa, gishiri kuwa ba ya tashi, saboda haka da tataccen ruwan daɗi ake cikawa, ba da na gishiri ba.

Babbar magana ita ce zafi. Murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 27. Cikin jikinsa akwai wata irin gansakuka da ke sarrafa masa abinci da haske, ita ce kuma ke ba shi launi. In ruwa ya ɗumama ya daɗe, sai ya kore ta, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. To, ku da kuka san bazarar Sakkwato, inda ake wuce digiri 40 a watan Afrilu, ku auna. Ga shi injin da ke juya ruwan ba ya son tsayawa, sa'o'i kaɗan ba wuta sai iska ta ƙare wa kifi.

Malama ta ce in gwada da ruwa zalla, ba rai ko ɗaya a ciki. Na cika akwati na sa ma'auni, ina rubutawa safe da yamma har bazara ta wuce. Ran da ya fi sauƙi ma ruwan ya haye 30. Da na sa murjani, da na yi asara biyu, na Inna ya tafi, mai ran kuma ya mutu a hannuna.

Yanzu ina adashi don wutar sola da injin sanyaya ruwa. In sun samu zan fara da kifi biyu kawai, murjani sai na ga sun ƙetare bazara ɗaya lafiya. Duk wadda sha'awar nan ta kama, ta sayi ma'aunin zafi kafin ta sayi kifi, gama dabba amana ce, za a tambaye mu a kanta.

Jiya ma na koma Kwalkwalawa, na tarar da wani masunci ya kawo gaiwa, wadda ke shiga laka ta yi barci har rani ya wuce. Na daɗe ina kallonta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.