Takardar da Ta Zo Daga Kano

A ƙasar Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, ana ɗaukar ciwon sukari cutar masu ƙiba ce da masu hali. Shi ya sa da aka ce wani malamin firamare, siriri, ɗan shekara 38, yana da shi, abokansa suka mai da abin barkwanci: ina ya samo cutar attajirai? Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi biyu, metformin da glibenclamide, ya daina sa sukari a koko, ya rage tuwon shinkafa. Shekara guda ya samu sauƙi. Daga nan ƙishirwa ta dawo, fitsarin dare ya dawo, rama ta ci gaba. A gida aka soma zargin yana karya doka a ɓoye. Mahaifiyarsa kuwa ta fi karkata ga sammu, tana ta aiko da jiƙe-jiƙe.

A Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ne wani likita ya dubi ramar, ya dubi shekarun, ya ce a ɗebi jini a aika Kano. Da takardar ta dawo, idon Malam ya faɗa kan layi ɗaya: GAD, fozitib. Kalmar nan a kan cuta ɗaya ya saba jin ta, wadda ake faɗin sunanta ƙasa-ƙasa. Kwana biyu bai nuna wa maiɗakinsa ba.

"Malam, wannan ba a ɗaukar ta, ba kuma ka ɗauko ta wurin kowa ba," in ji likitan. "Garkuwar jikinka ce ta yi ɓatan kai."

Bayanin shi ne, a bayan tumbi akwai wata gaɓa, fankiriyas, mai ɗauke da ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka. Wani lokaci garkuwar jiki takan ɗauki ƙwayoyin nan a matsayin abokan gaba. Antibodi da ake gani a jini sawun wannan yaƙi ne. A yara yaƙin yakan yi sauri. A manya yakan tafi a hankali, har a ɗauka nau'i na biyu ne, na yau da kullum. A 1990 masana suka gano cewa GAD na cikin abubuwan da garkuwar ke hari, a 1993 aka raɗa wa wannan nau'i mai jan ƙafa suna LADA. Wani babban bincike a Ingila ya nuna a 1997 cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka ce nau'i na biyu gare su suna ɗauke da wannan antibodi. Ke nan ba Malam ne farau ba.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne layi na biyu, IA-2, wanda ya fito negatib. Ya so ya riƙe shi hujja, ko ɗaya zai soke ɗaya. Ba ya sokewa. Iyaka dai wanda aka samu da iri biyu ko uku ya fi saurin buƙatar allura. Layi na uku, C-peptide, shi ne ma'aunin insulin da jiki ke iya yi har yanzu, nasa kuwa ya yi ƙasa amma bai ƙare ba. Antibodi ya shaida cewa gara ta shiga rumbu, C-peptide ya faɗi hatsin da ya rage. Ranar da zai ƙare ce babu takardar da ke faɗa.

Aka dakatar da glibenclamide, domin matsa wa ragowar ƙwayoyin take yi, aka soma insulin. A nan ne mutane suka fi yi masa illa da tausayi, don a wurinsu wanda ya kai ga allura ya kai gargara. Alhali ga mai irin wannan ciwo allurar cike gurbin abin da jiki ya daina yi ce, ba hukuncin sakaci ba. Cikin wata biyu kumatunsa suka ciko.

Sauran kuwa dabarun zaman ƙauye ne. Wuta ba ta da tabbas, zafin bazara kuma yana lalata insulin, don haka kwalbar tana cikin ƙaramin tulu da aka binne a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Da azumi ya zo, likita ya hana shi, liman ya tabbatar masa da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya. Duk da haka ranar farko a ɗaka ya ci abincin rana, ƙofa a rufe. Mutumin da aka hana sukari yanzu ba ya fita sai da dabino uku a aljihu, saboda faɗuwar sukari. Maiɗakinsa ta riga shi gane alamun: da ta ga gumi da rawar hannu, sai ta ce, "Malam, ci dabinonka," kafin shi ya ankara.