Hoton Jan-baki a Garu

A farkon Disamba na 2022, tun ba a rufe iyakar Nijar da Benin ba, na haye gadar Kogin Kwara daga Gaya zuwa Malanbil, ɗauke da kyamara da madubin hangen nesa da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Borrow da Demey. Niyyata in wuce gandun dajin W, amma duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai, ya ce tsaro ya lalace a can. Mai masaukina ya haɗa ni da ɗan kabu-kabu, ya ce a kai ni Garu, inda fadamun shinkafa suka shimfiɗu zuwa bakin kogi.

Da sanyin safiya na isa, hazo bai gama tashi ba. Kunnena ya riga idona aiki. Daga cikin wata sarƙaƙiya na ji fito mai zaƙi yana gangarowa daki-daki, na yi ta buɗe shafuka ina gwada zane da zane. Wani dattijo da ke gyaran kunya ya dube ni, ya ce da Hausarsa mai gardin Dandanci, "Malam, suda ce kake nema a takarda?" Ita ce kuwa. Littafin ya kira ta *Tchagra senegalus*. Kakata ta sha kiran mai surutu da sunanta, amma sai a ƙasar wasu na fara ganin ta da idona: baƙin kai, farin layi bisa ido, fukafukai ja-ja.

Can gefe wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki yana bin ƙafafun shanun Fulani, yana kaɗa jela. Daga Turai yake zuwa, ya ƙetare Sahara ya yi hunturu a nan, alhali nauyinsa bai wuce na goro ɗaya ba. Na faɗa wa dattijon haka, ya ce shi dai ya san ba ya cin shinkafa, wannan ya ishe shi.

Masu cin shinkafar su ne jan-baki. A wannan lokaci na shekara mazansu sun zubar da adon damina, sun koma ruwan ƙasa kamar matan, har da wuya a rarrabe su da kabare in ba ta bakin ba. Ina son hoton da zai nuna bakin sosai, amma ba su sauka. Jikan dattijon, yaro ɗan kimanin shekara goma, yana tsaye bisa rumfa yana jan igiya mai gwangwanaye, yana ihu. Da garken ya karkato sai ya kore shi.

Da dattijon ya tafi duba ruwa, na miƙa wa yaron sefa ɗari biyar, na ce ya ɗan saurara. Ya karɓa, ya saki igiya. Suka sauko kamar hayaƙi, zangarniyoyi suka sunkuya, gona ta cika da ƙarar ɓarzar ƙwaya. Na yi ta ɗauka. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san ihun dattijon ne ya tashe su, kuma kan yaron ya nufa da kara a hannu.

Na shiga tsakani. "Baba, laifina ne, ni na sa shi."

Ya tsaya yana huci. Ya kama zangarniya ɗaya ya murza a tafinsa, ya nuna mini: rabi ƙaiƙayi. Ya ce wata huɗu ke nan suna wahalar wannan gona, bashin taki yana kansa, yaron ma don gadin nan aka ɗauke shi daga makaranta har a yi girbi. Na ciro kuɗi, ya kau da kai. Ya ce in kunya nake ji, ga rumfa, ga igiya, yaron ya je ya karya kumallo.

Na rataye kyamara na hau. Har azahar ina jan gwangwanaye ina ihu, muryata ta dushe, igiyar ta yi mini kanta a tafi. Daga saman rumfar ne na lura cewa garken ba ya taɓa tafiya nesa, yana komawa kan ƙayoyin bakin fadama ne ya jira hannun mai gadi ya gaji.

Hoton ya fito yadda nake so, bakin ja wur, da ƙwayar shinkafa a ciki.