Hancin Gada da Yatsan Maharbi

A Mandera, can ƙasar Boɗinga da Shagari, maharbi yakan fita da asubahin hunturu ba tare da ya ji ɗumi ba. Hayaƙi yana kama riga, gada kuwa da hancinta take tsaron ranta. Sai ya ruɓanya tsofaffin riguna, ya naɗe kunnuwa da rawani, ya ƙaurace wa turare. Da yake iskar daga arewa maso gabas take busowa, ta kudu maso yamma yake ɓullo wa sarƙaƙiya, yana sakin toka don ya ga inda ta nufa. Gonaki sun cinye daji, harbi ɗaya zai samu, in ma ya samu. Shi ya sa yake ɓoye hannun dama a hammata, kada yatsa ya ƙage kafin ya taɓa kunamar bindiga.