Makiyayi ba Garke a Birnin Caca

Duk wanda ya yi ƙuruciya a zamanin da gidajen siliman Maraɗi da Damagaram ke cika da dare ya san kaboyi: hula mai faɗi, doki, bindiga a kwankwaso. Abin da fim bai cika nunawa ba shi ne kaboyi tun asali makiyayi ne, ɗan ƙwadago da ke bin shanun wani cikin rana da sanyi. Ita ma kalmar rodiyo daga Sifaniyanci ta fito, ma'anarta kewaye bisashe a tara su wuri guda. Makiyayan Meksiko ne suka koya wa na Amurka jifa da igiya mai zarge da horar da ɗanyen doki. In aiki ya ƙare sai samari su gwada wa ya fi wani. Daga nan wasa ya samo tushe, ya girma har ya zama sana'a mai ƙungiya da alƙalai da kuɗi masu yawa.

Babbar gasar ƙarshen shekara ta wannan wasa, National Finals Rodeo, an fara ta a Dallas a 1959. Ta yi shekara ashirin a Oklahoma City, sannan a 1985 masu otel-otel da gidajen caca na Las Vegas, cikinsu har da Benny Binion, suka janye ta zuwa birninsu bayan sun kusan ninka kuɗin da ake ci. Dalilinsu a fili yake: farkon Disamba lokacin rashin baƙi ne, ɗakuna na zama ba kowa. Tun daga nan, in ban da 2020 da annobar korona ta sa aka yi ta a Texas, kowace shekara zagaye goma ake yi ana karawa a zauren Thomas & Mack, kuma a kowane fanni mutum 15 ne kawai, waɗanda suka fi tara kuɗi cikin shekara, ke samun shiga.

A Disambar 2022, cikin dubban da suka nufi birnin akwai wani dattijo da matarsa, mutanen karkarar Dillon a jihar Montana. Shi ya haura saba'in, ita tana bin sa da shekara uku. Tun suna ango da amarya ya yi mata alkawarin wannan tafiya, amma alkawarin ya tsufa tare da su. Lokacin hunturu a ƙasarsu dusar ƙanƙara ke binne makiyaya, saboda haka kullum safiya sai an kai wa shanu ingirici, an fasa ƙanƙarar da ta daskare bisa kwamin ruwa. Mai garke ba ya barin gida kwana goma a Disamba. A talabijin suke kallon gasar, shi yana gyangyaɗi da takalmin aiki a ƙafa.

Abin da ya buɗe musu hanya ba abin murna ba ne. Farin 2021 ya ƙone ciyawa a Montana, ingirici ya yi tsadar da ba su taɓa gani ba, suka sayar da fiye da rabin garken. Da kakar 2022 ta zo, gwiwoyin maigidan suka ƙi, suka sallama ragowar. Ɗansu yana aikin kwamfuta a Seattle, ƴarsu malamar jinya ce a Denver, ba wanda ke da niyyar komowa. Ga kuma takarda cikin jakar uwargida: wani attajiri daga wata jiha yana son sayen filin duka, ba don kiwo ba, don farauta da hutu, kuma yana jiran amsa kafin sabuwar shekara. Kuɗin ya isa su zauna cikin gari kusa da asibiti har ƙarshen rayuwa. Sun yi yarjejeniya ba za su ta da zancen ba sai an gama kallo.

Suka kama babbar hanya mai lamba 15, wadda ke gangarawa kudu ta Idaho da Utah, tafiyar sama da kilomita 1,200, wato ta fi Yamai zuwa Damagaram nisa. Suka kwana a Salt Lake City. Kashegari fari ya fara janyewa daga duwatsu, ja ya maye gurbinsa, suka ratsa kwazazzabon kogin Virgin, suka faɗa hamadar Mojave. A ƙasarsu tsofaffin ma'aurata kan kira juna da sunan da ƴaƴa ke kiransu. Shi yana ce mata Mama, ita tana ce masa Baba. Duk inda ya hango shanu gefen hanya sai ya rage gudu.

"Mama, dubi waɗancan. Mai su bai ba su gishiri."

"Ba naka ba ne, Baba. Dubi gabanka."

Las Vegas, a Sifaniyanci, na nufin fadamu, saboda idanun ruwan da matafiya ke yada zango gare su a da. Yau ruwan birnin kusan duka daga tafkin Mead yake zuwa, bayan madatsar Hoover a kan kogin Colorado, kuma a watan Yulin wannan shekara ta 2022 tafkin ya sauka inda bai taɓa sauka ba tun da aka cika shi, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya bisa huɗu da ɗan ɗori ba. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara bai wuce milimita 100 da kaɗan ba. Dattijon, wanda fari ya raba da dukiyarsa, ya tsaya gaban wani otel yana kallon ruwa na tsalle sama ana kaɗa masa kiɗa. Ya daɗe bai ce uffan ba, daga bisani ya tambayi matarsa ko shanu nawa wannan tafkin zai shayar.

Jihar Nevada ta halatta caca tun 1931, kuma an gina otel-otel ɗin yadda baƙo ba zai kai ɗakinsa ba sai ya ratsa tsakiyar injinan caca. Ba taga, ba agogo a bango, dare da rana duk ɗaya. Uwargida ta lura da wata mata sa'arta, zaune gaban inji da kofin shayi, tana danna maɓalli ba fara'a ba ɓacin rai. Da suka dawo bayan awa biyar suka tarar da ita nan inda suka bar ta. Maigidan bai saka ko sisi ba. Ya ce shekara hamsin ya yi yana zuba duk abin da ya mallaka a kan ruwan sama da farashin maraƙi, ya gaji da jiran sa'a. Matar ta ce ba daidai ba ne ya haɗa su: shi ko a shekarar da ya faɗi, wani ya ci nama.

Da rana suka zaga babbar kasuwar da ake kira Cowboy Christmas, inda ake baje sirdi da linzami da huluna da takalman fata. Dattijon ya shafa wani sirdi mai ado da azurfa, ya duba farashi, ya janye hannu. Da yawa cikin masu saye, in ji shi, tafin hannunsu bai taɓa sanin zafin igiya ba. Sai dai can gefe ya gamu da wani tsoho daga Nebraska, suka tsaya awa guda suna zancen ciwon kofato da kuɗin ingirici kamar tare suka tashi. A nan ya gane cewa cikin taron akwai irinsa da yawa, sun dai saka rigar sallarsu ne.

Zauren Thomas & Mack na jami'ar jihar ne, don ƙwallon kwando aka gina shi; kowace shekara sai an kwaso ƙasa da manyan motoci an shimfiɗa bisa daɓen. Yana ɗaukar mutum wajen 18,000. Kujerunsu na can sama, ya hau matakala yana dafe da kafaɗarta, suna hutawa kowane hawa goma.

Aka fara da hawan doki mai tutsu. Ƙa'idar ita ce mahayi ya daure daƙiƙa 8 yana riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun a sama; in ya taɓa dokin da shi, ya faɗi. Maki ɗari ne, rabi na mahayi, rabi na dabba, don haka gwani addu'a yake ya faɗa kan doki mafi tsiya. Hawan tutsu da sirdi shi ne fannin da dattijon ya taɓa yi a wasannin ƙauye yana saurayi, har ranar da wata goɗiya ta karya masa ƙashin ƙugu. A wannan shekara Zeke Thurston, ɗan Kanada, shi ya ɗauki kambin fannin karo na uku. Matar ba ta kalli fili sosai ba, hannun mijinta take kallo: duk sa'ad da aka buɗe ƙofa sai yatsunsa su dunƙule bisa gwiwa, diddigensa na motsi kamar da ƙaimi a jiki.

Sai kayar da sa, inda mahayi ke dirowa daga doki a guje ya kama ƙaho ya murɗe wuya har dabba ta kwanta. Wani baƙin kaboyi na Texas, Bill Pickett, shi ake danganta ƙirƙirar wannan fanni gare shi, kuma wanda ya taɓa ganin hawan ƙahon mahauta a ƙasar Hausa zai gane irin zuciyar da abin ke bukata. Sai jifan igiya na mutum biyu, ɗaya ya zarge ƙaho, ɗaya ƙafafun baya, cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. Sai tseren mata, ana kewaye ganguna uku, wadda ta ture ganga a ƙara mata daƙiƙa 5. Nan uwargida ta miƙe tsaye tana tafi, domin ita ma ta yi shi tana budurwa; Hailey Kinsel ta Texas, bisa goɗiyarta Sister, ita ta ci kambin shekarar, na huɗu gare ta. A ƙarshe hawan bijimi, wanda Stetson Wright na Utah ya lashe, ya haɗa da kambin gwanin gwanaye. Hawan bijimi bai taɓa zama aikin kiwo ba, gwajin ƙarfin hali ne zalla, kuma yana cin rai: Lane Frost, zakaran duniya na 1987, bijimi ne ya kashe shi a filin Cheyenne a 1989.

Wurin ɗaure maraƙi ne fuskar dattijon ta canza. Ana sakin maraƙi, mahayi ya bi shi, ya zarge wuya, ya diro, ya kayar, ya ɗaure ƙafa uku cikin daƙiƙa bakwai ko takwas. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna sukar wannan fanni, masu shirya gasa kuma suna amsawa da cewa akwai likitocin dabbobi da dokoki. Shi bai shiga wannan gardama ba. Cewa ya yi a makiyaya ana zarge maraƙi ne don a yi masa magani, kuma wanda ya fizge shi haka da ƙarfi, mai garke zai kore shi kafin azahar. Gwaninta ce, bai musa ba, sai dai agogo ya shiga tsakanin mutum da dabba. Abin da ya fi burge shi a daren duka shi ne mahayan nan biyu da ba a ba su kambi, waɗanda ke matsowa su ɗauke mahayi daga bayan doki mai tutsu, su lallaɓa dokin su fitar da shi. "Waɗancan," ya ce mata, "su ne suka san doki."

Dare uku suka kalla, kuɗin tikitinsu iyakarsa ke nan. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma abin da suka gani ya kasu biyu. Birnin caca ya ɗauki aikin makiyayi ya mai da shi abin kallo, yana cin riba da shi. Wannan gaskiya ne. Amma kuma da yawa cikin yaran da ke fafatawa a filin, a gidajen kiwo aka haife su, wurin iyaye da kakanni suka koyi zaman sirdi da riƙon igiya. In gidajen suka koma wuraren hutun attajirai, fitilu za su ci gaba da haskawa na ɗan lokaci, sai dai ba inda za a ƙara samo irin waɗannan yara. A farkon 2024 yawan shanun Amurka ya sauka inda bai taɓa sauka ba tun 1951, kuma galibin masu gonaki da makiyayan ƙasar sun manyanta. Abin da ke cikin jakar tsohuwar bai tsaya ga gidansu kaɗai ba.

A hanyar komawa, bayan sun wuce Beaver, yankin da dangin Wright suka fito, ita ce ta karya shirun.

"Baba, yaron maƙwabtanmu yana da shanu arba'in, ba shi da inda zai kai su."

"Ba shi da kuɗin sayen ko kusurwa guda."

"Ban ce ya saya ba. Haya."

Ya yi tafiyar kilomita da yawa bai amsa ba. Ya san lissafin sarai: kuɗin haya ba zai kai ko kusa da abin da attajirin ya taya ba, asibiti zai ci gaba da zama nesa, ƴaƴansu kuma za su ce tsufa ya sa su taurin kai. Ita ma ta sani, don ita ke riƙe da littafin kuɗin gidan tun ranar da aka kawo ta. Da suka tsaya shan mai a Idaho Falls ya ce ta ba shi takardar. Ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya ninke, ya ce in sun isa gida ta rubuta wa mutumin ta yi masa godiya.

Ɗansu ya yi fushi, ya yi wata biyu bai kira ba. Ƴarsu ta sa sharaɗi cewa duk hunturu za su sauko cikin gari su yi wata uku, suka yarda. Da bazara ta kama, ranar da maƙwabta ke taruwa gayyar yi wa maruƙa lamba, shanun yaron ne suka cika shingen. Dattijon bai iya hawa doki ba, sai aka ba shi kula da wuta da ƙarafan lamba. Uwargida ta dafa abincin mutum talatin, ƴar maƙwabta mai shekara tara tana biye da ita tana tambayar yadda ake juya goɗiya a ganga ta biyu.